Kambas na gwanjo: sama sabo fil, sol ya zama gari

Kambas ɗin gudu ne na wani babban kamfanin waje, lamba 43, daga dilar gwanjo, kuma orijina ne, wannan babu gardama. Raga ba ta yage ba, ɗinki tsaf, ko zanen ƙasan bai cinye ba, alamar mai shi bai taka shi sosai ba. Ba shi da nauyi, dunduniya tana zama daram. A haka kowa zai ce an yi tsintuwa.

Ashe rashin takawar nan ita ce matsalar. Ana fara tafiya da shi sai soson da ke tsakiyar sol ya soma zubewa daga gefen dunduniya kamar busasshen burodi, robar ƙasa ta rabu tana lilo. Wannan daban yake da ɗagewar gam, wadda shumeka zai goge, ya shafa gam fuska biyu, ya bari ya sha iska, ya buga da guduma, shi ke nan. Soson kansa ne ya mutu. Irin da ake kira PU ne, yana shan danshin iska a hankali, idan ya yi shekaru a ajiye sai ya ruɓe ta ciki, zafi kuma ya ƙara masa gudu. To ka haɗa zaman sito, da matsi a dila, da kwantena a kan teku, da zafin Kano. Gam ba ya kama gari, basilla ma ba ta da inda za ta riƙe zare. Gyara ɗaya ne, a cire sol gaba ɗaya a sa wani, sannan laushin da aka saye shi dominsa ya tafi.

Ban ɗora wa ɗan gwanjo laifi ba, shi ma dila ya fasa. Ko da yake, wanda ya shekara yana wannan sana'a ya san soso mai ɗanƙo idan ya taɓa shi, kuma bai ce uffan ba. Wannan ta tsaya mini a rai.

Kafin ka biya, ɗaga harshen takalmin ka duba takardar ciki, kamfanoni da yawa suna buga lokacin ƙira a nan. Danna soson da farce: idan ya tsage, ko ya bar ƙura, ko ya manne a yatsa, ajiye. Lanƙwasa shi sosai ka duba gefe. Wani irin soson da ake kira EVA ba ya wannan rugujewar, sai dai ya kwanta ya yi tauri. Masu sol ɗin roba irin Samba na Adidas ko Converse sun fi jure ajiya, in sun buɗe baki ma ana ɗinkewa.

Saman kam har yanzu ba abin kushewa, shi ya sa abin ya fi ciwo. Mai soson PU na gwanjo, ko rabin kuɗi aka bar mini ba na ɗauka.