Garin ɓawon kwakwa: yana tsirar da iri, amma ba ya ciyar da shuka

Na yi kusan wata huɗu ina renon irin itatuwan marmari a cikin garin ɓawon kwakwa, wanda masu sayar da kayan lambu suke kira kokofit, kuma abin da na gani ya isa in faɗi ra'ayina a kansa. Yana zuwa ne a matse kamar bulo, galibi daga Indiya ko Siri Lanka, kuma dunƙule mai nauyin kilo 5 yakan kumbura ya ba da wajen lita 60 ko fiye idan ya sha ruwa. Na jiƙa nawa a babban baho da yamma, kafin gari ya waye ya saki ya yi laushi kamar dusa, babu tsakuwa a ciki, babu irin ciyawa.

Wajen tsirar da iri ba ni da abin da zan kushe shi da shi. Mangwaro ne ya fi nuna alfanunsa: na tsaga ƙwallon da wuƙa a hankali, na ciro ƙwayar da ke ciki, na kwantar da ita doronta yana sama, tun tana sabuwa, domin irin mangwaro ba ya jure ajiya, da zarar ya bushe ya mutu. Cikin mako biyu sai ga tsiro mai ganye ja-ja ya leƙo. Ƙwaya ɗaya ma ta fitar da tsiro uku, kamar yadda wasu nau'ukan mangwaro suke yi, kuma da na zo raba su sai garin ya zube daga jikin saiwoyin da girgizawa kaɗan, ban tsinke ko ɗaya ba, abin da yake da wuya a ƙasa mai yumɓu. Piya ta ɗauki kusan mako shida, gwaiba kuwa ta yi nawarta da aka san ta da ita.

Gwanda ce ta koya mini inda matsalar take. Na wanke 'ya'yan, na murje yauƙin da ke lulluɓe da su saboda yana hana tsirowa, sun kuma fito da kyau. Sai dai saman garin yakan yi haske ya yi kamar ya bushe alhali cikinsa sharkaf yake da ruwa, ni kuwa ina ta ban ruwa kullum. Wata safiya na tarar da fiye da rabin tsiron a kwance, karan kowanne ya tsuke ya ruɓe daidai inda ya fito daga ƙasa, kamar an matse shi da farce. Laifina yana ciki, amma takardar da aka naɗe dunƙulen da ita ba ta ce komai a kan wannan ba. Yanzu ina gauraya kashi biyu na garin da kashi ɗaya na yashi mai tsakuwa, kuma ba na ƙara ruwa sai na ɗaga ledar da na shuka irin a ciki na ji ta yi sauƙi a hannu.

Akwai kuma batun gishiri. An rubuta cewa wankakke ne, amma bakin ganyen piya ya ƙone ya koma ruwan ƙasa, ita kuwa dama ba ta shiri da gishiri. Ragowar garin sai da na wanke shi sau uku, ina tsiyaye ruwan, kafin na sake amfani da shi, kuma ban ƙara ganin wannan ƙunar ba.

Ya kamata mai saye ya sani cewa kusan babu abincin shuka a cikinsa. Mangwaro da piya suna rayuwa na wasu makonni da abin da ke cikin ƙwayarsu, amma gwanda da gwaiba, masu ƙananan iri, sukan fara komawa ruwan ɗorawa da zarar sun fitar da ganyen gaskiya, wato waɗanda ke biyo bayan ganye biyun farko. A daidai lokacin ne ya kamata a fara ba su takin ruwa da aka sirka da ruwa, ko a mayar da su leda mai zurfi da aka cika da ƙasa da ruɓaɓɓen taki. Zan sake sayensa domin tsirar da iri kawai, kuma zan wanke shi ko da an rubuta cewa an wanke.