Shekara biyu ina karatu da Pell Grant: abin da na gani

Na shigo Amurka da katin zama na dindindin, ina aikin dare, da rana kuma ina kwalejin shekara biyu ta garin da nake zaune, ina neman shiga fannin jinya. Da ba don Pell Grant ba, da ban fara ba. Tallafi ne na gwamnatin tarayya, kyauta ce ba bashi ba. Wannan shi ya fi kwantar min da hankali, domin tun farko na ɗaura niyyar ba zan taɓa rancen da ke da kuɗin ruwa ba.

Fom ɗin FAFSA, wato na neman tallafin karatu daga gwamnatin Amurka, ake cikewa a intanet, ba a biyan ko sisi, kuma duk shekara sai an sabunta. Mafi yawan abin da ake ba mutum a shekarar karatu ta 2024-25 dala 7,395 ne, gwargwadon samun gidansu. Ƙanena da ya zo da bizar ɗalibi bai samu ba, don ba a ba masu irin wannan biza.

Kuɗin ba hannunka suke fara shigowa ba. Makaranta ake tura wa, ta cire kuɗin karatu da sauran ƙananan kuɗaɗenta, ragowar ta turo asusunka. Da ragowar na sayi littattafai da katin bas, har na rage nauyin haya. A duba takardar tayin da makaranta ke aikowa da kyau: a tawa, an jera tallafin da rance a shafi ɗaya, sai da na ƙi karɓar rancen da hannuna.

Inda na sha wuya shi ne zango na biyu. Ragowar kuɗi na shigowa, na aika wa Inna wani kaso a Zariya, don azumi ya ƙarato. Ana nan aka sauya min lokacin aiki, ban iya haɗa biyun ba, na janye daga darussana tun zangon bai yi rabi ba. Ashe ƙa'ida ita ce, wanda ya janye kafin ya wuce kashi 60 cikin ɗari na zangon, wani ɓangare na tallafin sai an mayar. Makaranta ta aiko min da takardar bashi, ta kuma hana ni rajista har sai na biya. Wata uku na yi ina biya kaɗan-kaɗan. Ƙa'idar tana rubuce, amma babu wanda ya zaunar da ni ya faɗa min da baki, wannan kuwa har yau yana ci min rai.

Haka nan tallafin yana da iyaka, kimanin zango 12 na cikakken karatu a duk tsawon rayuwa, kuma wanda na janye ɗin ya ci wani abu daga ciki. Duk da haka zan sake cike fom ɗin bana. Ragowar kuɗin dai yanzu a asusu nake barin su, sai na rubuta jarrabawar ƙarshe nake aika na Inna.