Mai tausa ta zo gida, ko ke ki je wurinta?

Idan a gida ne, za ta iso da gado mai naɗewa, da zannuwa, da mai, galibi na kwakwa ko na zaitun. Naki shi ne ki share mata fili a ɗaki, yadda za ta iya zagaya gadon ba tare da ta ci karo da sif ba. Kafin ta taɓa ki za ta tambayi lafiyarki: hawan jini, juna biyu, tsohon targaɗe, ko kumburi mai zafi a sha-raɓa. Wannan na ƙarshen kada ki ɓoye shi, don yana iya zama gudajin jini, shi kuwa ba a murza shi. Aikin kan ɗauki minti 60 ko 90, jikinki a lulluɓe, inda ake tausawa kaɗai ake buɗewa.

Daɗin abin, tana tattara kayanta sai ki juya ki yi barcinki. Ba hijabi, ba a-daidaita-sahu, ba cunkoson hanya da zai mayar miki da ciwon kafaɗar da aka cire. Amma gida gida ne. Ranar da na gwada, ana tsakiyar bayana aka ɗauke wuta, ga autana yana dukan ƙofa wai a ba shi fura.

Shago kuwa akwai sanyi da shiru, kuma ba za a ɗora miki kuɗin mota ba. Sai dai ki fita, ki jira layi.

Ni dai ga mai jego da tsohuwa, gida na zaɓa. Ki dai nemi wadda wata ’yar’uwa ta taɓa kira ta yaba.