Yadda ake karɓar wanda ya yi mummunan haɗari a Landan

'Yan uwa na gida, assalamu alaikum. Kullum tambayarku kuɗin haya da farashin shinkafa a Ingila. Yau dai zancen asibiti zan yi muku, yadda ake yi da mutumin da mota ta yi wa raga-raga: kai ya fashe, haƙarƙari da cinya sun karye, jini na zuba a ciki.

Da an kira lambar gaggawa ta 999, motar asibiti ba ta tsayawa a asibiti mafi kusa. Kai tsaye take wucewa ɗaya daga cikin manyan asibitoci huɗu da aka ware wa irin wannan rauni tun 2010: Royal London, St Mary's, King's College da St George's. Kafin a iso an sanar da su, likitan fiɗa da mai sa barci da masu ɗaukar hoto duk suna tsaye suna jira. In abin ya yi tsanani, jirgi mai saukar ungulu ke kai likita har bakin titi, kuma tun 2012 da jini yake tashi.

Ba mai cewa a yanki kati, ko a ajiye kuɗi, ko a sayo safar hannu. Jinin ma a ajiye yake, mutane ke zuwa su bayar kyauta don wanda ba su sani ba. Nan ne zuciyata ke sosuwa, in na tuna yadda muke cusa mai rauni a A Daidaita Sahu, wuya na lilo, dangi su bazama neman mai ba da jini alhali nasa na ƙarewa. Dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar gaggawa, amma kun fi ni sanin yadda take aiki.

Kada ku ɗauka komai ya fi namu. Ƙaramin ciwo sai ka yini a layi. Jinya kuwa akwai kaɗaici, ba mai jinyar da zai shimfiɗa tabarma a gefenka, ba 'yan dubiya da kwanon fura.

Jirgi ya fi ƙarfinmu yanzu, na sani. Amma akwai allurar tranexamic acid mai rage zubar jini, ba ta da tsada, kuma cikin awa uku na farko take amfani. Har da asibitocin Najeriya aka yi babban gwajinta da aka fitar a 2010. Burina a same ta a kowace motar ceto da ke sintiri a hanyar Abuja zuwa Kano, tare da wanda ya iya yin ta.