Shekara uku da manhajar zuba jari: amfaninta da abin da take ci

A farkon 2022 na sauke wata manhajar zuba jari, irin wadda ke cire wani kaso daga albashi duk ƙarshen wata ta saya wa mutum hannun jari. Ba zan faɗi sunanta ba, don ba talla nake yi ba.

Ranar farko haushi ta ba ni. Na zo da zumuɗin saye, ita kuwa sai tambayoyi: akwai bashi a kaina? Ina da ajiyar da za ta riƙe ni wata uku zuwa shida in aiki ya tsaya? Ba ni da ita. Ta ce in fara tara wannan kuɗin ko-ta-kwana tukuna, a asusun da zan iya cirewa kowane lokaci. Na ja tsaki, amma na bi.

Sai da ajiyar ta kankama na fara saye, a asusun da ke bin ma'aunin S&P 500, wato manyan kamfanonin Amurka kusan 500 a dunƙule. John Bogle na kamfanin Vanguard ne ya buɗe wa ƙananan masu jari irin wannan asusu a 1976. Dabarar ita ce a daina neman kamfanin da zai yi zarra, a sayi ɗan kaɗan daga kowanne, in wani ya faɗi wani ya tashi.

Na ko shigo da ƙafar hagu. A 2022 ma'aunin ya zube da kusan kashi 19 cikin 100, kullum na buɗe waya jan launi nake gani, alamar asara. Ana cikin haka rashin lafiya ta shigo gidana. Ba don waccan ajiyar da na raina ba, da dole in sayar da hannun jarina a kan asara. Ita kuma manhajar ba ruwanta da fargabata, wata na ƙarewa sai ta saya, kuma da yake farashi ya karye, kuɗin da na saba bayarwa ya riƙa sayo mini kaso mafi yawa. Da kasuwa ta farfaɗo da kusan kashi 24 a 2023, sayayyar watannin tsoron nan ce ta fi kawo riba. Da ni ke danna madannin da hannuna, na san da tuni na tsaya.

Inda muka saɓa shi ne kuɗin hidima. Kashi 1 take cira duk shekara, kuma daga uwar kuɗin gaba ɗaya, ko an ci riba ko an faɗi. Sai da na tona can ƙasan sharuɗɗa na gano haka. Na zauna na buga lissafi: a ce jari na ƙaruwa da kashi 7 a shekara, cikin shekara 30 zai ninka sau bakwai da rabi, amma in an zare kashi 1 bai kai ninki shida ba. Kusan rubu'in dukiyar ya tafi ke nan, alhali akwai asusu iri ɗaya da kuɗin hidimarsu bai kai rabin haka ba.

Sanarwarta ma ta cika yawa, kasuwa ta ɗan motsa sai waya ta yi ƙara. Na kashe su duka. Cire kuɗi kuma yakan ɗauki kwanaki.

Ga sabon shiga da bai amince da haƙurinsa ba, ta yi. Ni dai yanzu na fara neman inda zan mayar da jarina a rage mini wannan kashi 1.