Jan launi ga masu bashi: Excel ko Google Sheets?

Hajiya, kin ce kina rubuta bashin masu karɓar atamfa da leshi a shagonki na Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, kullum da dare sai kin bi sunaye ɗaya-ɗaya kina shafa ja a kan wanda ranar biyansa ta wuce. Tambayarki ita ce, tsakanin manhajojin lissafi Excel da Google Sheets wanne zai ɗauke miki wannan wahala.

Duka biyun za su iya. Abin da za ki nema a cikinsu sunansa ɗaya, Conditional Formatting, wato launi mai sharaɗi. Ke ce za ki gindaya sharaɗin. Idan ya cika launin ya fito da kansa, ranar da mutum ya biya kuma ya goge da kansa. A ce sunaye suna layin A, kuɗin da ya rage yana B, ranar biya tana C. Ki zaɓi A2 zuwa C300, ki sa wannan fomula: =AND($B2>0,$C2<TODAY()). Ma'anarta, akwai sauran kuɗi, kuma ranar ta wuce. A Excel za ki same shi ƙarƙashin Home, ki shiga New Rule ki zaɓi na ƙarshe, mai amfani da fomula. A Sheets yana cikin Format, ki gangara har Custom formula is. Don Allah kada ki cire alamar dalar nan, ita ke sa sunan da kuɗin da ranar su yi ja tare.

Wajen kayan aiki Excel ya fi, babu musu. Tun fitowar 1997 yake da abin, a lokacin sharaɗi uku kawai ake iya sa wa gida ɗaya, wato ɗan akwatin da ake rubutu a ciki kamar A2. A 2007 aka cire wannan iyaka, aka ƙara sandunan launi a cikin gida da ƙananan alamomi irin na danjar titi, kore da rawaya da ja. Sheets ba shi da waɗannan biyun a wannan sashe. Haka idan kina son gano sunan da aka rubuta sau biyu, Excel yana da Duplicate Values a shirye, a Sheets kuwa sai kin rubuta =COUNTIF($A$2:$A$300,A2)>1. Amma Excel yana da wani hali da ke ba ni ciwon kai: yawan kwafe layuka da liƙawa kan farfasa sharaɗi ɗaya ya koma goma, sai kin riƙa leƙa Manage Rules kina sharewa.

Akwai bambancin da mutane ba sa lura da shi. Idan sharuɗɗa biyu suka cika a gida ɗaya, Sheets na saman kawai yake bi. Excel kuwa yana haɗa su muddin ba su yi karo ba. Saboda haka idan kin ƙara rawaya ga wanda saura kwana 3 ya biya, ki tabbata ja ne a sama.

To amma ke ba a ofis kike ba. Waya ce a hannunki, yaron shago yana karɓar kuɗi, ke kina gida ko kin tafi saro kaya Kantin Kwari. Nan Sheets ya yi zarra: kyauta ne ga mai Gmail, ana iya sa sharaɗin daga wayar Android, kuma da zarar yaron ya rage bashin Maman wance, ke ma za ki ga jan ya tafi. Matsalarsa data, sai dai in kin kunna masa aiki ba intanet tun da wuri. Ni dai da shagon nawa ne, Sheets zan ɗauka, don launi biyu sun ishi littafin bashi.

Abu ɗaya zai iya ɓata miki aikin ko da wanne kika ɗauka, shi ne yadda ake rubuta kwanan wata. Idan tsarin na Amurka ne, 5/3 da kike nufin 5 ga Maris zai karanta shi 3 ga Mayu, mai bashi ya samu kusan wata biyu kyauta ba tare da ja ya fito ba. A Sheets ki shiga File, sai Settings, ki mayar da ƙasar zuwa Birtaniya. Sannan ki duba layin C: kwanan watan da aka gane yana jingina dama, wanda ya tsaya hagu rubutu ne kawai, sai an sake shigar da shi.