Mai sayen robobi na kusa da Sabuwar BUK: sikelinsa na gaskiya ne

Ga ɗaliban da ke haya a Danbare da Rijiyar Zaki, akwai wani ɗan shago a gefen titin Gwarzo, ba nisa da ƙofar Sabuwar Jami'ar Bayero, inda ake sayen robar ruwa da ta lemo, da gwangwani, da kwali. Mu 'yan ɗakinmu can muke kai namu tun zangon karatun da ya wuce, kuma na ga ya kamata in faɗi abin da na gani.

Abin da ya fi burge ni shi ne sikelin. Mai shagon, dattijo ne da kowa ke ce wa Baba, yakan juyo maka fuskar sikelin ka karanta kilon da kanka kafin ya buɗe baki. Idan kuɗin kilo ya sauka zai gaya maka tun ba ka sauke buhu ba. Wanda ya taɓa ciniki da 'yan gwangwan masu yawo da kura ya san darajar wannan. Kuɗin ba wani mai yawa ba ne, buhu guda bai wuce na data ko na Adaidaita ba, amma hannu da hannu yake biya, babu "dawo gobe".

Yaransa suna zaune a kan tabarma suna ware kaya: farar roba gefe, mai launi gefe, murafu a cikin bokiti, domin robar murfi daban take da ta jikin kwalbar. Kwalaben da ba su lotse ba masu zoɓo da kunun aya ke saye. Sauran a tattake su, a ɗure a manyan buhuna, a kai wa masu injin niƙa roba. Ranar da na kai kwalaben da ragowar lemo a ciki, ya ce min, "Yarinyata, ki riƙa ɗauraye su, ƙudaje na damun maƙwabta." Gaskiyarsa.

Inda nake da ƙorafi shi ne ledar fiya-wata. Ba ya karɓa sai ta bushe kuma ta taru da yawa, wai ba ta da nauyi, tana cin wuri. To ai ita ce babbar matsalarmu. Ita ke toshe kwatoci da damina, ita ake ƙonawa a bayan gidaje hayaƙi ya hana mu karatu, kuma ɗalibi a ɗaki ɗaya ina zai shanya leda? Da zai ajiye buhuna a bakin gidajen haya ya riƙa kwashewa, ko da ranar Asabar ɗin ƙarshen wata ce da ake tsaftar muhalli, da yawa daga cikinmu kyauta ma za mu ba shi.

Ku je da safe. Bayan la'asar wurin cike yake da kurori, sai ka daɗe a tsaye, kuma ranar Juma'a yana rufewa da wuri.